Kafin ka sayi modem a Circle, tambayi saurin turawa

Mai shago a Tip Toe Lane, kasuwar wayoyi ta Circle a Accra, lambar saurin da ke jikin kwali zai nuna maka, kuma yawanci ta saukewa ce, wato sauko da abu daga intanet. Amma telan Nima mai ɗora bidiyon ɗinkinsa a TikTok, da malamin Sabon Zango mai ba da karatu kai tsaye ga ɗalibansa na ƙetare, turawa, wato aika abu zuwa intanet, ita ce abincinsu. Ita ce kuma take fara shan wahala idan modem bai dace da layi ba.

Mu fara da mai layin tarho na tagulla, wanda aka gada daga Ghana Telecom, yanzu yana hannun Telecel. A ADSL2+, tsarin intanet ta layin tarho, da ma turawa megabit ɗaya ce da 'yan kai. Ga janaretan maƙwabci, ga firij, ga dawowar wuta bayan dumsor, wato ɗaukewar wuta, duk suna jefa hayaniya a waya, bayanai su lalace a hanya. Tsohon maganin shi ne a rarraba bayanan, a ƙara musu lambobin gyara. Yana aiki, sai dai kullum yana cin wani kaso na sauri, yana ƙara jinkiri, ko da layin lafiya lau yake. Sabon maganin, G.INP, wanda hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta amince da shi a 2010, abin da ya lalace kaɗai yake sake aikowa.

Nan ne nake so ka buɗe ido, ɗan'uwa. Dole na'urar kamfani da taka su iya shi tare. Kuma a ADSL2+, G.INP wajen saukewa kawai yake aiki, turawa tana nan a tsohuwar hanya. Fim yana sauka sumul, amma kiran bidiyo yana ta yankewa, ka yi ta zargin wayarka. Saboda haka ka tambayi kamfani ko sun kunna shi a layinka, sannan ka duba takardar modem ɗin ka ga an rubuta G.998.4, wato lambar G.INP a hukumance. Na-hannu mai arha da ya shigo daga Ingila, in babu takarda, ni dai ba zan saya ba.

Faiba, wayar gilashi mai ɗaukar bayanai da haske, ba ta da wannan ciwon kai. Hayaniyar lantarki ba ta taɓa haske, akwatin kuma kamfani ne ke kawowa ya yi masa rajista. In ta iso lungunku, ita ce zaɓina.

In ba ta iso ba, sai rautar 4G. Rauta aji na 4 da aji na 6, wato Cat 4 da Cat 6, duk megabit 50 ne iyakar turawarsu, don haka kada ka ƙara sidi kana zaton na 6 zai fi tura bidiyo. Ka tabbatar tana kama zangon 800 MHz, wanda MTN ke amfani da shi kuma ya fi ratsa bango. Ka yi yarjejeniya da mai shago cewa za ka gwada ta a ɗakinka bayan magariba, lokacin da unguwa duk ta hau intanet, in ba ta yi ba ka mayar.