Na'urar tsotse laima mai lita 12: abin da ta yi mini da abin da ya fi ƙarfinta

Na sayi wannan na'ura ne saboda ɗakin kwanan yarana, inda kullum ake wayar gari gilashin taga ya jiƙe sharkaf da raɓa, ga baƙar funfuna ta fara yaɗuwa a bayan kabad har warinta ya kama tufafi. Aikinta ya yi kama da na firji: fanka ce ke jawo iskar ɗaki ta bi ta kan bututu masu sanyi, tururin da ke cikinta ya koma ruwa ya ɗiga a tanki, sannan busasshiyar iska ta fito da ɗan ɗumi.

A ranar farko ma'aunin laima da ke jikinta ya nuna kashi 75 cikin 100, amma kafin mako ya zagayo ya sauka zuwa 55, taga kuma ta daina zufa. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai, domin abin da ake so shi ne laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 40 da 60, tunda idan ta daɗe sama da 70 funfuna takan samu wurin zama. Ko shanyar da nake yi a cikin gida ranar ruwa yanzu tana bushewa da wuri, matuƙar an rufe ƙofa da taga.

Sai dai lita 12 da aka rubuta a kwali, wato yawan ruwan da aka ce tana tsotsewa a yini, na iya ruɗin mai saye, saboda yawanci ana auna wannan adadi ne a zafin digiri 30 da laima kashi 80. Ni kuwa ban taɓa zubar da fiye da lita 3 a yini ba. Idan zafin ɗaki ya yi ƙasa da digiri 15 ƙarfinta yana raguwa sosai, har takan tsaya ta narkar da ƙanƙarar da ta taru a kan bututun. Ƙarar fankar ma ba kowa zai jure ta da dare ba.

Funfunar da ta riga ta fito, da hannuna na goge ta, domin na'urar ba ta kashe ta. Akwai kuma wani jirwayen danshi a bangon da ke kusa da banɗaki wanda kwana goma na kunnawa bai motsa shi ba, sai da mai gyaran famfo ya fasa wurin ya tarar da bututu yana yoyo a ciki, ya sauya shi, sannan bangon ya fara bushewa.