Kujerar jariri a mota: ta kwando ko mai juyawa?

Kafin a kai ga ciniki, fara duba motarka. Zura hannu tsakanin mazaunin kujerar baya da majinginarta. In ka taɓo wasu ƙarafa biyu, motar tana da maƙalan kujerar jariri da ake kira ISOFIX, ko LATCH in daga Amurka ta fito, don motocin can daga 2002 galibi suna da shi. In babu, nemi kujerar da ake ɗaurewa da bel. Duk biyun suna riƙewa, sai dai ɗaurin bel ya fi saurin kuskure.

Ta kwando mai mariƙi ta jarirai ce, daga haihuwa zuwa kilo 13. Daɗinta, in yaro ya yi barci sai a ɗauke shi da kujerar gaba ɗaya, ba a tashe shi ba. Amma da wuya ta wuce shekara ɗaya da rabi bai fi ƙarfinta ba. Mai juyawa kuwa, wadda ake iya sa ta fuskanci baya ko gaba, ta fi nauyi da tsada, a mota take zama, amma da yawansu suna ɗaukar yaro har kilo 18. Mai sayen guda ɗaya tak, ita nake ba shi shawara, in dai takardarta ta ce ta dace da sabon haihuwa.

Dalilina, tana barin yaro ya daɗe yana fuskantar baya. Kan jariri ya yi wa wuyansa nauyi. In aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, bayan kujerar ne ke tallafe kai da wuya tare. Ƙa'idar R129 da Turai ke bi ta ce aƙalla wata 15, kuma gara a zarce haka. Kada ƙafafunsa da suka naɗe su dame ka, yara ba su damu ba. Wurinta kujerar baya. Kada a kuskura a sa ta a gaba inda jakar iska ke aiki.

Ta gwanjo akwai sauƙin kuɗi, amma wa ya san ko ta taɓa haɗari? Juya ƙasanta ka duba shekarar ƙira, yawanci wa'adinsu shekara 6 zuwa 10 ne. In an kankare lambar ko igiya ta zaizaye, bar masa kayansa.

Ka sa mai shago ya bari a gwada a motarka. Bayan ɗauri, girgiza ta daga gindi: kada ta motsa fiye da inci ɗaya. Igiyar kafaɗa kuma, in kana iya tsunkule ta da yatsu biyu, ba ta matse ba. Lokacin hunturu a cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure shi, sannan a lulluɓa zane a sama.