Yadda wani shago a Garwa ya mayar mini da kwamfutar cikin kwamfuta zuwa sabuwar na'ura

Manhajar da nake lissafin shagon kayan babur da ita tsohuwa ce, ba ta aiki sai a kan Windows 7, wanda Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020. Shi ya sa shekaru da dama take zaune a cikin VirtualBox, manhajar kamfanin Oracle da ke ba mutum damar kunna wata kwamfuta ta daban a cikin tasa. Da tsohuwar na'urata ta fara mutuwa da kanta a zafin watan Afrilu, na sayi sabuwa mai Windows 11, na kai su biyun wani ƙaramin shagon gyara kusa da babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne mai gyaran bai ambaci goge komai ba. Tambayarsa ta farko, kan kwamfutar da ke cikin VirtualBox, ita ce, "Alhaji, kashe ta kuke yi gaba ɗaya, ko rufewa kawai kuke yi ta ci gaba daga inda ta tsaya?" Rufewa nake yi. Ya bayyana mini cewa yanayin da aka adana a kan wata na'ura yana iya ƙin tashi a kan wata, saboda bambancin ƙwaƙwalwar sarrafawa, don haka ya kunna ta, ya kashe Windows ɗin ciki yadda ya kamata kafin ya taɓa fayil ko ɗaya.

Hanya biyu ya shimfiɗa mini. Ana iya dunƙule komai a fayil guda mai suna OVA a shigar da shi can, wanda ya fi sauƙi, sai dai yana ɗaukar halin da kwamfutar take ciki a yanzu ne kawai, ya bar matakan baya da aka ajiye don komawa idan wani abu ya lalace, kuma lambobin shaidarta suna iya canjawa har lasisin manhaja ya ƙi gane ta. Ko kuma a kwashe jakar da fayilolin kwamfutar cikin suke dungurungum, da faifan VDI, wato fayil ɗin da ke matsayin faifan ajiyarta, da ƙaramin fayil ɗin saituna, a yi mata rajista a sabuwar na'ura. Ta biyun ya zaɓa, kuma a ganina ya yi daidai, domin wanda ya sayar mini da manhajar lissafin ya daɗe da barin gari, babu wanda zai sabunta mini lasisi.

An ɗan yi tuntuɓe wajen kwafi. Filashin da na kawo, wanda a nan muka fi kira kile, yana kan tsarin FAT32 da ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4, alhali faifan nawa ya ninka haka sau da yawa. Ya ɗauko nasa faifan na waje, aikin ya ci kusan awa biyu. Bayan haka sabuwar na'urar ta ƙi kunna kwamfutar cikin, sai da ya shiga BIOS, wato saitunan tushe na na'urar, ya buɗe VT-x, saitin da ke ba ƙwaƙwalwar sarrafawa damar ɗaukar kwamfuta cikin kwamfuta, domin tun daga fitowa ta 6.1 VirtualBox ba ta aiki idan wannan a rufe yake. Da teburin Windows 7 ya bayyana da hoton da na saba gani, na buɗe littafin bashi na duba sunan wani mai acaba da nake bin kuɗin taya biyu, na same shi a inda yake.

Inda na ga gazawarsa shi ne gwaji. Bai tambaye ni ko ina buga rasit ba, ni ma ban tuna ba, sai washegari a shago na tarar firinta ba ta amsawa, jakar da nake musayar fayiloli da ita tsakanin kwamfutocin biyu kuma tana nuna hanyar tsohuwar na'ura. Na rufe shago da hantsi na koma. Gyaran bai kai minti ashirin ba kuma bai karɓi ƙari ba, amma mai irin wannan sana'a ya kamata ya riƙe jerin abubuwan da zai gwada a gaban mai kaya.

Jaka goma na biya, kuɗin sefa, ba tare da takardar shaida ba. Ya shawarce ni kada in sayar da tsohuwar na'urar sai na yi wata guda ina aiki da sabuwar, kuma kada in kunna kwamfutar cikin tsohuwar da ta cikin sabuwar tare a kan hanyar sadarwa ɗaya, tunda lambar katinsu na sadarwa yanzu iri ɗaya ce. Tsohuwar tana nan a ƙasan kantar shagona, na naɗe ta da zane saboda ƙura.