Hiace ɗin da aka mayar mini ɗaki a Bauchi, bayan sati shida a Gashaka

Tunda na dawo mutane ke ta tare ni da tambaya a kan motar nan, wasu a ƙofar masallaci wasu ta waya, wai wa ya haɗa mini ita, nawa ta ci, kuma da gaske ne mutum zai iya zama a ciki har sati shida. Toh bari in faɗi abin da na gani tsakanina da Allah, mai daɗi da mara daɗi, don na san akwai masu shirin kai tasu motar wajen mutumin nan.

Motar dai tsohuwar Hiace ce mai dogon kai, haya ta yi shekara da shekaru tsakanin Bauchi da Jos kafin ta zo hannuna. Da na samu damar bin wani malamina da ke bincike a kan namun daji zuwa Gashaka-Gumti, aikin sa kai ne ba albashi ba alawus, ya ce mini masauki da abinci duk a kaina, sai na ce to me zai hana in tafi da ɗakina gaba ɗaya. Wani abokina ya kai ni wani gareji a bayan gari, wajen wani dattijo mai walda da ke aiki da yaransa uku da wani kafinta da suke haɗa gwiwa. Ba zan kama sunansa ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi, kuma mutumin kirki ne, ba na son a ɗauka ɓata shi nake.

Ranar farko da na mishi bayani shiru ya yi yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa, can ya ce, "Malam, wannan aikin ban taɓa yin irinsa ba, motar asibiti na taɓa gyarawa da motar masu sayar da magani, amma in za ka yi haƙuri da ni za mu yi." Na ce, "Baba, ai wannan maganar taka ita ta sa zan bar maka motar." Ya ce sati uku, aikin ya kai sati bakwai. Wani jinkirin na wuta ne, wani kuma ni na jawo don sau biyu ina canza inda nake son gado ya zauna, amma akwai sati guda cur da motar ta yi ba wanda ya taɓa ta saboda sun karɓi aikin ƙofofin wani gida, kuma ba a gaya mini ba sai da na je na gani da idona. Wannan ya ɓata mini rai gaskiya. Kuɗin aiki da kaya duka, har da sola da batir da firij, ya haura miliyan biyu da ɗan wani abu, ban sa kuɗin motar ba.

An cire kujerun baya duka, aka yi gado na ƙarfe a can ƙurya mai ɗaukar katifa 'yar madaidaiciya, ƙarƙashinsa wurin ajiye kaya. Gefe ɗaya kabad da ɗan tebur mai naɗewa, ɗaya gefen tankin ruwa mai lita 100 da ɗan famfo. A sama faifan sola biyu masu wat 200 kowanne, batir ɗaya babba, inbata, fanka, ƙwan fitila uku da wuraren caji. Kafin tafiyar na gwada ta kwana biyu a Yankari, na yi wanka a Wikki na dawo na kwanta a gadona ina jin daɗi, abin da kawai na gano a can shi ne ragar tagar ba ta da ƙarfi, wani gwaggon biri ya zura hannu ya yage ta ya ja ledar burodi. Na dawo Baba ya canza mini da ragar ƙarfe, ko sisi bai karɓa ba.

Farkon Janairu na kama hanya da asuba, Gombe, Kaltungo, Numan, na kwana a Jalingo don ba na tuƙin dare a hanyar da ban sani ba, washegari Garba Chede, Bali, sai Serti inda hedikwatar gandun dajin take. A wannan hanyar ce na fara sanin aikin Baba. Waldarsa dai sai sambarka, duk ramukan da motar ta faɗa, gadon nan ko ƙara bai yi ba, ƙarfen da ya ɗaure faifan sola da shi a sama har yau ko motsi ba ya yi. Aikin kafinta ne ya ba ni kunya. Ƙofofin kabad ɗin an sa musu irin maganaɗisun nan na kabad ɗin kicin, wanda a gida yana riƙewa lafiya lau amma a mota ba ya jure girgiza, kafin mu kai Bali sun buɗe sun watso komai ƙasa, galan ɗin man gyaɗa ya fashe a kan tabarma, garin kwaki ya bi ko'ina, na tsaya a bakin hanya ina kwashewa da tsumma kusan awa guda. Daga ranar da robar tayar keke nake ɗaure su har na dawo gida. Sakata 'yar ƙarama da ba ta kai komai ba ita ce maganin abin, kuma ya kamata wanda ke aikin mota ya san haka.

Ga wanda bai san wurin ba, Gashaka-Gumti shi ne gandun dajin ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, wani ɓangarensa a Taraba wani a Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti suka zama ɗaya. A cikinsa Chappal Waddi yake, wanda wasu ke kira Gangirwal, mita 2,419, duk Najeriya ba dutsen da ya kai shi tsawo. Wanda ya saba da Yankari kar ya ɗauka iri ɗaya ne, Yankari shimfiɗaɗɗen daji ne za ka zauna a mota a zagaya da kai, nan kuwa tsaunuka ne da kwaruruka da koguna da kurmi mai duhu, yawancinsa sai da ƙafa.

Kuma a nan ne na fahimci abin da ban yi lissafi da shi ba tun a Bauchi. Motata ba ta da ogzilari, wato giyar da ke sa tayu huɗu su ja tare, ga ta da nauyi, ruwa kaɗai in tankin ya cika kilo 100 ne, ga batir ga katako ga ƙarfe, duk sun danne bayanta cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Wani renja dattijo, cikin masu gadin gandun, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ya ce, "Ɗan'uwa, wannan amaryar taka ba za ta ƙetare rafi ba, ka bar ta inda za mu nuna maka." Haka aka yi. Motar ta zauna wuri ɗaya ta zama gida, mu kuma muna shiga ciki da Hilux zuwa inda hanya ta ƙare, daga nan sai sayyada, kwana uku kwana huɗu a tanti sannan mu fito. Ban ɗora wa Baba laifin wannan ba, ni ne ban tambayi yanayin hanyar ba kafin in zaɓi mota. Amma da ya ja hankalina a kan nauyi, ko ya ce a ƙara wa bayan siferin, da ya kyauta.

Aikin da na je yi ba wani mai wuyar ganewa ba ne. Akwai kyamarori da ake ɗaurewa a jikin bishiya a kan turbar dabbobi, in abu ya gifta su ɗauka da kansu, mu namu mu je mu canza batir, mu cire katin mu sa wani, mu rubuta wurin a GPS. In mun ci karo da tarkon waya na mafarauta renjoji su kwance a rubuta. Sai ƙirga sheƙar birin nan da Turawa ke kira cimfanzi, mutanen wajen kuwa biri mai ganga suke ce mishi, saboda yadda yake dukan saiwar manyan bishiyoyi da hannu da ƙafa sautin ya ratsa kurmi. Kowane dare sabuwar sheƙa yake yi a saman bishiya, ya lanƙwasa rassa ya kwanta, to da yawan sheƙun da tsufansu ake gane suna nan ko sun yi gaba. Sati shida na yi ban ga ko ɗaya ido da ido ba, amma na ji gangar. Wata safiya ce muna shan shayi raɓa ta jiƙe komai, sai muka ji dum dum dum daga ƙasan kwari da ihu a bayansa, renjan da ke kusa da ni ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit, wallahi tsikar jikina sai da ta tashi, kofin yana hannuna har ya huce ban sani ba.

To a nan ne motar ta biya kuɗinta, kuma ba ta inda na zata ba. Solar nan ita ce komai. Duk fitowar da za mu yi da batura a mace ake dawowa, na kyamara, na GPS, na tocila, wayoyin renjoji, kwamfutar malamina, duka a kan ɗan teburin nan ake jera su. Da daddare mu rufe ƙofa mu kunna fitila mu zauna mu uku a takure muna duba hotunan da kyamara ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, yawanci ganye ne iska ta kaɗa, sai can ka ga mazo, ka ga gadu da 'ya'yansa, ɓauna ta wuce da tsakar dare idonta na ƙyalli. Ranar da hoton biri mai ganga ya fito, uwa da ɗanta manne a bayanta ta juyo tana kallon kyamarar, renjan da ya ɗaura kyamarar da hannunsa sai da ya ce a mayar mishi ya sake gani har sau huɗu. A cikin motar nan aka yi wannan, da wutar da yaron Baba ya haɗa, kuma wayarin ɗinsa tsaf yake, kowace waya da fis ɗinta, ko sau ɗaya ba mu ji ƙauri ba.

Abu biyu dai game da solar. In ka ajiye motar a inuwa don ta yi sanyi batir ba zai cika ba, in ka ajiye ta a rana kuma da azahar ciki ya zama tanda, don soson da aka liƙa tsakanin ƙarfe da katako siriri ne sosai. Sannan ƙurar hunturu tana kwanciya a kan faifan, in ban hau na goge duk bayan kwana biyu ba wutar raguwa take, kuma ba a yi mini tsani ba, sai in taka taya in kama ƙarfen sama in ɗare. Firij ɗin ma na daina kunna shi da dare don shi ke shanye batir.

Sanyi kuwa ban san shi ba sai da muka samu hutun kwana biyu na ce bari in hau Mambila tunda ga ni a kusa. Daga Mayo Selbe hanya ta fara murɗewa tana hawa, motar tana nishi a giya ɗaya da biyu har muka kai Nguroje. Daren nan na sha sanyin da ban taɓa sha a Bauchi ba ko a tsakiyar hunturu, da asuba na farka ruwa na ɗiga mini a fuska, ashe numfashina ne ya taru a jikin ƙarfen rufin inda ba a sa soso ba ya koma ruwa. Babu wata 'yar kafar iska a sama, in ka rufe tagogi shikenan ka toshe. Wannan ma shi ya sa ko da wasa ban taɓa kunna gas a ciki ba, kullum a waje nake girki, don hayaƙin gas a rufaffen wuri yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya ji warin komai ba. Duk wanda zai yi irin wannan mota, don Allah ya sa a yanka mishi kafar iska a rufi tun farko. Wajen saukowa kuma da giya na riƙa riƙe ta, ban dogara da birki ba, da wannan nauyin in ka danne birki tun daga sama zafi zai yi ya sake ka.

Ragar ƙarfen ta hana birai da sauro, ƙudan tsando kuwa a cikin daji yake cizonka ta cikin riga, ba ruwan mota da shi. Banɗaki babu, na sani tun farko, buta da ɗan shebur ne.

Da na dawo na kai wa Baba motar na zayyana mishi komai, ya sa yaronsa ya ɗauko biro yana rubutawa a bayan kwali. Bai yi musu ba ko ɗaya, sai a kan maganar kabad ya kira kafintan a gabana ya ce, "Ka ji abin da na gaya maka ko?" Yanzu haka tana wajensa, za a sa sakatu, a yanka kafar iska, a ƙara soso a rufi, a yi tsani a ƙofar baya, tankin ruwa kuma a matso da shi tsakiya. Ya ce sakatun da kafar iskar shi zai ɗauka, sauran in biya, na ga ya yi adalci.

In za ka kai mishi taka, waldarsa da wayarin ɗinsa ka kwantar da hankalinka, aikin katako kuwa ka tsaya a kai da kanka, ka kuma rubuta ranar karɓa a takarda ku biyu ku sa hannu. Ya ce mini sati biyu wannan karon, ina son in karɓe ta kafin ruwan farko ya sauka don malamina ya ce akwai kyamarori tara da muka bari a daji da za a je a kwaso.