OLED ko QLED: Wanne Ya Dace da Ɗakinka?

Harafi ɗaya ne ya raba sunayen biyu, amma aikinsu ya sha bamban. A talabijin na OLED, wanda kamfanin LG ya fara sayar da mai inci 55 a 2013, kowane ɗigon hoto shi ke kunna kansa, shi ke kashe kansa, kuma mai 4K yana da ɗigo sama da miliyan 8. Idan aka nuno dare a fim, ɗigon wurin sai su mutu gaba ɗaya, baƙin ya fito ƙirin, taurari na ƙyalli kamar a ƙauye ranar da babu farin wata. Na taɓa kallonsa a ɗaki mai duhu, har na kasa gane inda allon ya ƙare.

Shi kuwa QLED, da Samsung ya fito da shi a 2017, allon LCD ne aka inganta, wato irin allon da ɗigonsa ba ya kunna kansa. Fitilu ke haskowa ta baya, wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira kwantum dot suna ƙara wa launi kaifi. Baƙinsa kan yi toka-toka, amma a falon da rana ke kwararowa ta taga, yawanci ya fi haske, kuma kuɗinsa da sauƙi.

Abin da ke damuna da OLED shi ne tabo. Tambarin tasha ko akwatin sakamakon wasa, in ya daɗe a kusurwa ɗaya, yana iya barin inuwar da ba ta gogewa. Don haka mai gidan kallon ƙwallo, da talabijin ɗinsa ke wuni a tasha guda, QLED zan ce ya saya. Mai kallon fim bayan Isha'i, in aljihu ya yarda, ya ɗauki OLED.