Shuɗiya da mai ruwan ƙasa: wasiƙa daga Manchester kan maganin asma

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya ke da maigida da yara. Ya jikin autanki? Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonki ya iso, inda kika ce in samo inhela shuɗiya ko da guda biyar ce in ba mai zuwa Kano, tunda hunturu ya kama kuma ta yi tsada a gida. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, ki karanta a natse, ki kuma nuna wa babansa.

Ventolin ɗin nan, wato inhela shuɗiyar, ya fi sauƙin samu a Kano a kan Manchester. A gida sai ki aiki yaro kemis da kuɗi a hannu, kafin ki sauke tukunya ya dawo da ita. Nan kuwa ko nawa kika riƙo, mai famasi ba zai miƙa miki ba sai da takardar likita, takardar kuma da sunan mai ciwon ake rubuta ta, ba da sunan ɗan 'yar'uwarsa da ke wata ƙasa ba. Duk inhelar da aka ba 'yar wajena tana cikin kwamfutarsu, da ranar da aka ba ta. Idan shuɗiyar ta riƙa ƙarewa da wuri, nas ce za ta kira ni a waya ta ce in kawo yarinya a duba. A wajensu, wanda ke shaƙar shuɗiya sau uku a mako ko fiye, ko tari ke tashinsa da dare, ciwonsa bai kwanta ba, ko da yana yawo da ƙafarsa.

Wuya ce ta koya musu wannan. A 2014 ƙungiyar manyan likitocin ƙasar ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan mutum 195 da asma ta kashe. Ta gano cewa a mafi yawansu akwai abin da da an yi shi da ba a kai ga haka ba. Kusan huɗu cikin goma an rubuta musu shuɗiya fiye da goma sha biyu a cikin shekara ɗaya kafin rasuwarsu, alhali da yawansu ba sa samun maganin rigakafin yadda ya kamata. Mutane ne da inhela ba ta rabuwa da aljihunsu. Shi ya sa da na ji kin ce guda biyar, gabana ya faɗi.

Ga yadda nas ɗin ta yi min bayani, da hoton huhu a gabanta. Mai asma, cikin hanyoyin iskar huhunsa a kumbure yake, ko ranar da yake wasa lafiya lau. Idan ƙura ko sanyi ko hayaƙi ko mura ta taɓa wurin, sai naman da ke kewaye da hanyoyin ya matse, majina ta taru, ƙirji ya kama fito. Shuɗiya, wato salbutamol, matsewar kawai take saki. Cikin 'yan mintuna numfashi ya dawo, bayan kamar awa huɗu ƙarfinta ya tafi, kumburin yana nan inda yake. Wadda ke sauke kumburin ita ce mai ruwan ƙasa, wato ta rigakafi, da sinadarin beclometasone a cikinta. Tamu sunanta Clenil. Ana shaƙarta safe da dare, kullum, da ciwo da lafiya. Ba za ki ji komai ba a lokacin da aka shaƙa, sai an yi kwanaki kafin a fara ganin canji, cikar aikinta kuma sai an yi makonni. Shuɗiya kwano ce da ake tarawa a ƙarƙashin yoyo, mai ruwan ƙasa kuwa yaɓen soro ce kafin damina. Mu a gida kwanuka muke ta saye.

Kada ki ɗauka wani sabon magani ne na masu kuɗi. Tun 1972 ake amfani da shi a nan, kuma yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. Tun 2019 ma kwamitin ƙwararru na duniya kan asma ya daina ba da shawarar a bar manya da matasa da shuɗiya ita kaɗai. A ƙarshen 2024 Birtaniya ta sake tsarinta: wanda ya kai shekara 12 aka gano yana da asma, inhela ɗaya ake fara ba shi mai magani biyu a haɗe, irin su Symbicort, yadda duk sanda ya shaƙa don numfashi ya buɗe, maganin kumburin ma ya shiga, ko ya so ko bai so ba. Wayo ne suka yi wa mantuwar ɗan Adam. Yara kamar autanki da ba su kai wannan shekarun ba, yawanci da mai ruwan ƙasa safe da dare ake fara musu, shuɗiya tana gefe don ko-ta-kwana.

Na san abin da Hajiya za ta ce da zarar ta ji sitiroyid ne a cikin mai ruwan ƙasa. Za ta tuno 'yan matan da suka kumbure fuska da sha-ka-fashe, da waɗanda man bilicin ya ƙone wa kunci. Tana da gaskiyarta, dangi ɗaya ne. Amma ki duba yawan. Fesawa ɗaya ta Clenil da ake ba yara maikirogiram 50 ce ko 100, kuma huhu take nufa kai tsaye, kaɗan ne ke bin jini. Ƙwayar prednisolone ɗaya, wadda ake ɗaure wa mutane a leda a kemis, miligiram 5 ce, wato maikirogiram 5,000, ko da yake ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma ita jiki duka take zagayawa. Yaron da ciwonsa ke tashi kowane wata, a ba shi ƙwayoyin nan ko a yi masa allurar hydrocortisone, shi ne ke kwasar sitiroyid mai yawa, iyayensa kuma na ganin sun tsare shi daga inhela. Wannan ne ke ƙona min rai. Haka maganar da ake yi cewa in an fara inhela ba a dainawa. Ba ta kama jiki. Ciwon ne mai daɗewa, kuma idan yaro ya yi watanni lafiya, likita da kansa yake rage masa.

Ba na cewa mai ruwan ƙasa ba ta da illa. Takan sa murya ta dushe, takan kawo farin ƙurajen baki, shi ya sa ake kuskure baki a zubar bayan an shaƙa. Ni na haɗa wa tawa da goge haƙori, inhelar na ajiye kusa da buroshi. Bincike ya kuma nuna takan rage wa yaro tsawo da kamar santimita ɗaya. Nas ba ta ɓoye min wannan ba, tana auna tsawon yarinyar duk zuwa. Na auna santimita ɗaya da kwana zaune ana neman numfashi, ban daɗe ina shawara ba.

To, sai maganar kuɗi, tunda a gida an ɗauka komai kyauta ne a Turai. Yaro ƙasa da shekara 16 ba a biyan ko kwabo na maganinsa a Ingila, haka wanda ya kai 60, da mai ciki, da wadda ta haihu har shekara ɗaya. Babba mai aiki kuwa fam 9.90 yake biya kan kowane magani da aka rubuta, mai araha ne ko mai tsada. Masu ciwon suga da ke shan magani da masu farfaɗiya an yafe musu, masu asma ba a yafe ba, kuma sun daɗe suna ƙorafi a kai. Wanda maganinsa ke da yawa yakan sayi takardar shekara ta fam 114.50 ya huta. Da za ki tsallaka Scotland ko Wales, can kowa kyauta ne. Mu baƙi kuma mun riga mun biya tun wajen neman biza, inda yawancin manya ke zuba fam 1,035 na lafiya kan kowace shekarar da za su zauna. Ki buga wannan da naira ki gani. Bambancin dai shi ne an karɓe kuɗin tun kafin ciwo ya zo, don haka ranar da inhela ta ƙare ba na tsayawa lissafin ko ita ko buhun shinkafa.

A gida kuwa kin fi ni sanin yadda aka yi. A 2023 aka saki naira, a watan Agustan shekarar kuma kamfanin GSK mai Ventolin da Seretide ya sanar zai daina sayar da maganinsa da kansa a Najeriya, sai ta hannun dillalai. Farashi ya tashi, mutane suka koma kan ƙwayar salbutamol da Franol da sirop, masu sa hannu karkarwa da bugun zuciya. A nan da wuya ki ga likita ya rubuta wa yaro irin waɗannan. Amma beclometasone da budesonide, wanda shi ma na rigakafi ne, ba kamfani ɗaya ke yin su ba, akwai na kamfanonin Indiya da suka fi sauƙi. Ki tambaya da sunan sinadarin, ba da launi ba, don launin kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Inhela mai fesawa 200, idan ana yin biyu safe biyu dare, kwana 50 take yi. Ki ajiye kuɗinta a gefe ɗaya, kuɗin gado da nebulaiza, na'urar shaƙar magani ta asibiti, da allura da Keke Napep na tsakar dare a ɗaya gefen.

Kada kuma ki ji na yabi nan ki ɗauka aljanna ce. Ganin likita sai an yi rububin waya da ƙarfe takwas na safe, in kin makara a ce ki sake kira gobe. Sashen gaggawa kuwa a yi ta zaman jira, awanni. Gidajen haya da yawa tsofaffi ne, bango na tsatsafar danshi, baƙar funfuna a lungun taga, ita ce ƙurar hunturunsu. Da bazara ga garin furen ciyawa. Ga hayaƙin motoci, wanda a 2020 kotun binciken mace-mace ta tabbatar yana cikin abin da ya kashe Ella Adoo-Kissi-Debrah, yarinya 'yar shekara tara mai asma da ta rasu a Landan a 2013. Inda suka yi mana nisa shi ne bibiya. Sau ɗaya a shekara ake kiran mai asma, a sa shi ya hura wani bututu a auna ƙarfin numfashinsa, a ce ya shaƙi inhelar a gaban nas a ga ko ya iya, a ba shi takarda mai cewa in ka ga kaza yi kaza. Makaranta ma tana da kwafin takardar. Babu wani abu a cikin wannan da ya fi ƙarfin asibitocinmu, sai dai likitan da mutum ɗari ke jira a ƙofarsa ba shi da lokacin cewa yaro ya gwada ya gani.

Kuma wajen shaƙar ne ake asara mai yawa. Yaro in an fesa masa kai tsaye a baki, yawancin maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Shi ya sa nan ba a ba yaro inhelar fesawa sai da wata roba mai kama da kwalba, inhela a gindinta, baki a ɗaya ƙarshen. A girgiza, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali kamar sau biyar, sannan a sake. Wannan robar ba ta buƙatar takardar likita, ita zan saya in aiko. Kafin ta iso, gorar ruwa ta roba mai rabin lita za ta yi. Likitoci a asibitin yara na Cape Town sun gwada ta tun 1999, suka ga tana aiki kamar ta kanti: a huda gindinta daidai bakin inhelar yadda iska ba za ta zurare ba, yaro ya kama bakin gorar. A wanke da ruwan sabulun wanke-wanke, a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge da tsumma.

Ki kai shi wajen likitan yara, ko a Asibitin Malam Aminu Kano ko inda ya fi miki kusa, ranar da yake lafiya, ba sai ya faɗi ba. Ki faɗa masa sau nawa yake shaƙar shuɗiya a mako, dare nawa tari ke tashinsa, kwana nawa ya rasa a makaranta, sannan ki tambaye shi da bakinki ko yaron na buƙatar inhelar rigakafi. Shi zai yanke yawan da ya dace, ba ni ba. Shuɗiyar kuma kada a yar da ita. In ciwo ya tashi a zaunar da shi bayansa a miƙe, a ba shi fesawa ɗaya-ɗaya ta cikin gorar har zuwa goma, in bai iya magana ba ko leɓensa ya canja launi a wuce asibiti nan take.

Turaren wutar nan naki da maganin sauro na kunnawa, don Allah a raba su da ɗakin da yake kwana, a saka masa gidan sauro. Na san ba za ki so jin na turaren ba. Idan ya kai fara azumi, ta rigakafin ba ta da wata rigima, a shaƙa da sahur, a shaƙa bayan buɗa-baki.

Ki gaishe min da Hajiya da kyau, da Baba, da duk mutanen gida. Ki turo min hoton kwalin duk abin da likitan ya rubuta.

Ƙanwarki.