Daren da muka kwana a Southampton kafin mu hau jirgin ruwa

Yaya barka da warhaka, ya gida ya yara, ya ƙarfin jikin Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Ka ce in ba ka labarin tafiyar nan da muka yi a jirgin ruwa zuwa Norway ni da maman yara, toh labarin cikin jirgin sai mun yi waya don yana da tsawo, yau dai bari in ba ka na kwana ɗayan da muka yi a bakin tasha kafin mu hau, don wallahi shi ya fi tsaya min a rai.

Kasan jirgin nan ba irin motar Unguwa Uku ba ne da za ka kira direba ka ce ga ni nan a hanya ya ɗan jira. In lokaci ya yi za su janye tsani su tafi, kuɗinka kuma ya bi ruwa. Ga shi shekarun nan ma'aikatan jirgin ƙasa a Ingila sun sha shiga yajin aiki, shi yasa wani abokin aikina ya ce kada in kuskura in taso daga Birmingham ranar tafiyar, in je in kwana can. Sai abin ya tuna min da sansanin alhazai lokacin da muka raka Baba, bambancin kawai a nan kai za ka biya kuɗin makwancinka kuma ba mai kawo maka tuwo daga gida. Daga tashar New Street zuwa Southampton Central kusan awa biyu da rabi ne ba canji, wanda ya taso daga Landan kuwa ta Waterloo bai kai awa ɗaya da rabi ba.

Otal ne farkon abin da ya ba ni haushi. A gida ka shiga ka tambayi kuɗin ɗaki, ka ce haba oga a yi min ragi, a rage maka wani abu ku rabu lafiya. Nan kwamfuta ce ke yanke farashi kuma kullum canzawa yake, ɗakin da na gani da araha ranar Talata, da na duba na daren Juma'a ya kusa ninkawa saboda washegari manyan jirage sun fi ɗaya a tasha kuma kowa irin dabarar da na yi ita ya yi. Na biya sama da fam ɗari, kada ma ka lissafa da naira don fam ɗaya a lokacin kusan dubu biyu ce, ni ma na daina wannan lissafin saboda hawan jini. Akwai su Premier Inn da Ibis da Novotel da Holiday Inn duk a tsakanin tashar jirgin ƙasa da bakin ruwa, da ƙafa ma za ka iya zagaya su, amma wanda bai kama tun da wuri ba sai dai ya samu a can gefen gari ya ƙara kuɗin tasi.

Mun iso wajen sha biyu na rana, yarinyar da ke kanta ta yi mana murmushi ta ce ɗaki sai ƙarfe uku, in muna so yanzu sai mun ƙara kuɗi. Ɗakin fa a gyare yake, ita da kanta ta faɗa. Na ce a bar shi, ta karɓi akwatunanmu ta ajiye. Ba yaro mai ɗaukar kaya, ba sannu da zuwa Alhaji, ba ruwan sanyi, kai za ka ja akwatinka ka shiga lif ka nemi lambarka. Amma fa gaskiya ɗaya ce, da muka shiga ɗakin zanin gado fari ƙal, ruwan zafi na zuwa a famfo ko ƙarfe ukun dare, wuta ba ta ko ƙifta ido, ba ƙarar janareta ba warin dizal. Na tuna wani otal da na kwana a Kaduna da aka kawo min ruwa a bokiti aka ce sha biyu za a kashe inji. Sai dai shi wancan mai gadin da kansa ya je ya sayo min tsire da daddare ya ƙi karɓar ko sisi, nan kuwa ko za ka mutu da yunwa sai dai a nuna maka injin sayar da biskit a ƙasan bene.

Abu biyu da duk Bahaushe zai nema ya rasa. Na farko buta. Banɗakinsu takarda ce kawai, maman yara da ta san hali ta sako ƙaramar butar roba a jakarta, ni da na yi mata dariya a gida ni na fara ara. Na biyu fanka ko AC, ɗakinmu babu, gidajensu don sanyi aka gina su, kuma watan Yuni ne, taga ma ɗan kaɗan take buɗuwa. Akwai dai butar lantarki ta dafa shayi da ganyen shayi da 'yar madara a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba, na zuba huɗu shayin bai yi fari ba, mai shayin bakin layinmu da ya gani sai ya yi kuka.

Da yamma muka fita zaga gari. Ni da na zata tasha ce kawai irin Apapa, tireloli da cunkoso, ashe tsohon gari ne mai ganuwa kamar Kano. Akwai wata ƙofa da suke kira Bargate a tsakiyar kasuwa, an gina ta tun wajen 1180, ta dutse, tana nan tsaye mutane na wucewa ta gindinta da ledojin sayayya. Ganuwar ma wani ɓangaren nata na nan, har matakala suka yi ka hau ka bi ta kai. Na tsaya ina kallo ina tunanin badalar Kano yadda ake ɗibar ƙasarta ana gini a kai, raina ya ɗan ɓaci, don tamu ba ta gaza wannan tarihi ba. Kusa da wurin akwai Westquay, katafaren rukunin shaguna, nan muka sayi rigunan ruwa don an ce Norway ko da bazara sai da su.

Kuskuren da na yi shi ne kai maman yara gidan tarihi na SeaCity. Kasan daga garin nan Titanic, katafaren jirgin ruwan nan da ya nutse a teku, ya tashi ranar 10 ga Afrilu 1912, kuma yawancin ma'aikatan cikinsa 'yan garin ne, gidaje sama da 500 suka yi rashi. Akwai taswirar garin shimfiɗe a ƙasa kana takawa, an sa jan ɗigo a kan kowane gidan da aka rasa mutum, wasu layukan ɗigon ya jeru gida bayan gida. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, da muka fito ta ce wato sai da ka bari gobe za mu shiga ruwa sannan ka kawo ni nan ko. Ban da amsa. Daren nan addu'o'in da ta yi sun ishi jirgin gaba ɗaya.

Abinci kuma sai ka yi da gaske. Wuraren da ke Oxford Street kusa da tashar jiragen ruwa masu kyau ne amma tsada, kuma yawanci giya a kowane tebur. Mu sai muka nufi wajen St Mary's inda masallacin Medina yake, muka yi la'asar, a unguwar akwai shagunan halal na 'yan Pakistan da Turkawa da sauransu, muka ci shinkafa da gasasshen naman rago, rabin kuɗin can kuma ka ƙoshi. Naman laushi kamar me amma ba ɗanɗano irin namu, sai da maman yara ta zaro yajin ƙuli daga jaka muka barbaɗa sannan ya zama nama. In kifi da dankali za ka ci, wanda shi ne abincinsu na bakin ruwa, ka tambaya da wane mai aka soya kuma ko an sa giya a ƙullin, don wasu suna sawa, kuma ba sa jin haushin tambaya, za su duba su gaya maka gaskiya, wannan kam na yaba musu. Karin safe na otal ma haka, rabinsa naman alade ne, mu ƙwai da wake da burodi muka tsaya. Ruwan famfo kyauta ne in ka roƙa kuma ana sha lafiya, ba ruwan leda a ƙasar nan. Wurare da yawa kati kawai suke karɓa, kuɗin hannu na dawo da su yadda na tafi da su.

Kafin abincin ma mun zauna a Mayflower Park, wani fili ne a bakin ruwa inda mutane ke zuwa kallon tashin jirage da yamma. Yaya abin nan ba jirgi ba ne unguwa ce, bene kan bene ya fi goma, da ya busa ƙaho sai da na ji a ƙirjina. Tsofaffin Turawa na zaune da kujerunsu na naɗewa suna ɗaga wa mutanen da ba su sani ba hannu. Magariba ba ta yi ba sai bayan tara na dare, asuba kuma wajen uku, don haka baccin ma ɗan kaɗan ne.

Da safe na koyi wani abu, tashar ba ɗaya ba ce, wuraren hawa biyar ne, Ocean da City da Mayflower da Horizon da QEII, kuma ƙofofin shigarsu daban daban ne da nisa a tsakani. Direban tasi ya ce wacce, na ce ta jirgin ruwa mana, ya yi dariya ya ce in duba takardata. Kowa da lokacin da aka rubuta masa ya zo, namu ɗaya da rabi, otal kuma sha biyu za ka fita, sai muka yi zaman jira a ƙasa da akwatuna tare da wasu tsofaffi da su ma jirgin suke jira. A bakin tasha ma'aikata suka karɓi kayan da takardar lambar ɗaki da na buga tun daga gida na manna, ba wanda ya ce a ba shi na goro, ni har na sa hannu a aljihu. Fasfo ɗinmu ne ya ɗan ja lokaci, koren fasfo sai da bizar Schengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, tunda Norway za a sauka, matar ta juya shafi ta juya ta kira wata ta duba, mutanen bayanmu masu fasfon Ingila suna ta wucewa. Da muka shiga ɗakinmu a jirgi ba a jima ba sai ga akwatunan a bakin ƙofa.

Ka gaida Hajiya da su Umma. In mai zuwa ya samu a aiko mana da yaji da kuka da daddawa, na ƙulin ya ƙare a Norway. Kilishi kam kada a sako, ba sa barin nama ya shigo, a filin jirgi za su ƙwace.